Tambaya da Amsa: An ce antibodi ɗina ya yi ƙasa, garkuwar ta tafi kenan?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita, don Allah an min gwajin jini na tetanus sai aka ce antibodi ɗina ya yi ƙasa, alhali an min allurai tun ina yarinya, toh rigakafin ya tashi a banza kenan? Kuma in lambar mutum ta yi sama shikenan bakteriya ba za ta kama shi ba?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. A'a bai tashi a banza ba, dama haka abin yake, antibodi, wato sinadarin da jiki ke ƙerawa don yaƙar cuta, na raguwa a jini da shekaru amma akwai ƙwayoyin jini da ke riƙe da kamannin cutar, suna ganinta za su hau ƙera sabo, sai dai fa suna ɗaukar kwanaki kafin su tara mai yawa, kuma nan gizo ke saƙar, don wasu cututtukan ba sa jira.

Tetanus guba ce ke yin ɓarnar, kuma ɗan mitsitsi ya isa ya sandarar da mutum, har wanda ya yi ciwon ya warke ma ba ya samun garkuwa sai an masa allura. Shi ya sa a nan lambar ke da amfani sosai, a gwajin da aka fi yi ana son ta kai 0.1 IU (ma'aunin da ake auna antibodi da shi) a kowace mililita ta jini. Ki je a miki allurar ƙari kawai, sau ɗaya kan tashe ta sama tunda jikinki ya riga ya san ta. Sanƙarau ma haka, yana iya kisa cikin awa 24, in babu antibodi a jinin tun kafin nan toh jiki ba zai samu lokacin ƙera sabo ba, sai dai a garzaya asibiti.

Tambayarki ta biyu kuma gaskiya a'a. Kowane antibodi da tasa ƙwayar, na tetanus ba ruwansa da taifot. Tarin shiƙa har yau ba a tsayar masa da lamba ba, shi kuma tibi, wato tarin fuka, ƙwayar ɓuya take a cikin ƙwayoyin jiki inda antibodi ba ya kaiwa sosai, har WHO ta ce a daina gwajin antibodi don gano shi tun 2011. Ko lambar antibodi ta 0.35 da ake ambata kan allurar nimoniya ta jarirai, an sa ta ne don auna allura a kan taron yara, ba don a duba takardar mutum ɗaya a ce masa ya tsira ba.