Tambaya da Amsa: Wane Fiyano Ya Dace Mai Koyo Ya Fara Saya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na daɗe ina sha'awar koyon kiɗa, kuma yanzu na ɗan tara abin da bai taka kara ya karya ba domin in sayi fiyanon lantarki na farko. Da na fara dubawa sai kaina ya ɗaure: wani yana da maɓallai 61, wani 88, wani kuma ana tallarsa da sautuka ɗaruruwa da fitilu masu nuna inda za a danna. Abokina ya ce in sayi na hannu in huta. Me ya kamata in duba kada in yi asarar kuɗina?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abu na farko da zan roƙe ka shi ne ka kawar da idonka daga yawan sautuka da fitilun nan, domin su mai talla ke sa wa a gaba, alhali mai koyo yakan shafe watanni bai taɓa fiye da sautuka uku ko huɗu ba. Abin da zai koya wa yatsunka kiɗa shi ne maɓallan kansu, kuma a nan ne fiyano mai araha yake bambanta da abin wasan yara.

Idan ka tsaya gaban fiyanon da kake son saya, ka zaɓi maɓalli ɗaya a tsakiya, ka taɓa shi a hankali kamar kana gudun tayar da mai barci, sannan ka sake buga shi da ƙarfi. Idan sautin farko ya fito a sanyaye, na biyu kuma ya fito da amo, to maɓallan suna jin ƙarfin dannawa, kuma wannan ne kake nema. Idan duka biyun suka fito iri ɗaya, ka tambayi mai sayarwa ko an kashe tsarin ne, domin a wasu ana iya kunnawa da kashewa. In ya ce babu shi ma gaba ɗaya, ka bar masa kayansa. Dalilina shi ne wanda ya koyi kiɗa a kan maɓallan da ba su bambanta lallausan bugu da mai ƙarfi, hannunsa zai saba da bugu iri ɗaya, kuma ranar da ya zauna gaban fiyano na gaske sai ya tarar yatsunsa sun san hanya amma ba su iya magana ba. Cire wannan sabo ya fi koyon farko wahala. Ka lura kuma cewa sunan kamfani shi kaɗai ba ya ba da tabbaci: a cikin kayan Yamaha, samfurin PSR-E373 yana jin ƙarfin dannawa, PSR-E273 ba ya ji, haka ma a Casio, CT-S300 yana ji, CT-S200 ba ya ji, ga shi kuwa a ido sun yi kama sosai.

Game da yawan maɓallai, cikakken fiyano yana da 88, farare 52 da baƙaƙe 36. Mai 61, wato farare 36 da baƙaƙe 25, ya ishe ka kaɗawa da hannu biyu da bin darussan masu farawa na tsawon lokaci, ga shi ba nauyi, kana iya ɗauka da hannu ɗaya ka jingine a bango. Mai 49 kuwa yakan yi wa hannu biyu kaɗan da wuri. Mai 88 da maɓallai masu nauyi, waɗanda aka ƙera su kwaikwayi gudumomin da ke cikin fiyanon katako, shi ne ya dace idan burinka ka zama makaɗin fiyano zalla, amma ya fi tsada nesa ba kusa ba, kuma ba na ganin hikimar mutum ya ci bashi a kan sana'ar da bai tabbatar zai ɗore a kai ba. Abin da ba zan yi maka sassauci a kai ba shi ne faɗin maɓallan. A cikakken girma, farare bakwai a jere suna kai kimanin santimita 16 da rabi. Ƙananan maɓallai za su koya wa hannunka tazarar da ba daidai ba.

Akwai kuma wata lamba da ake ɓoyewa a ƙasan takardar bayani, wato folifoni, adadin sautukan da fiyanon zai iya riƙewa a lokaci guda. Za ka ce ai yatsu goma ne kawai, me za a yi da mai riƙe sautuka har 48? To idan ka taka fedar da ke jan sauti, kuma ka kunna gangunan rakiya, kowane sauti yana cin gurbinsa, kuma da guraben sun cika sai sautukan da aka fara bugawa su fara yankewa. Mai 32 zai yi maneji, mai 48 zuwa 64 ya wadatar.

Ka juya bayan fiyanon ka ga ramukansa. Ana son ramin feda, da na abin sauraro na kunne, wanda zai raba ka da rigima da mutanen gida idan kana maimaita darasi ɗaya sau hamsin da dare, da kuma na USB domin haɗawa da kwamfuta ko waya ta tsarin MIDI, wato hanyar da kayan kiɗa ke aika wa na'ura bayanin maɓallan da aka danna, wanda kamfanonin kayan kiɗa suka fara amfani da shi a 1983. A nan akwai tarko: wasu kayan masu araha ƙwarai maɓallai ne kawai na sarrafa kwamfuta, ba su da sifika kuma ba su da sautin kansu, don haka ka tabbatar ka ji shi yana kiɗa shi kaɗai kafin ka biya.

Shawarar abokinka ba laifi, na hannu daga sanannen kamfani yakan fi sabon da ba a san asalinsa ba, muddin za ka gwada da kanka. Ka bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, a hankali sannan da ƙarfi, domin robar da ke ƙarƙashinsu idan ta tsufa ko ta sha ƙura, sai ka ji maɓalli ɗaya ya yi shiru ko yana ihu fiye da 'yan'uwansa. Ka ƙure ƙarar sifika ka ji ko tana kakari, ka buɗe gidan batir ka duba ko ruwan batir ya ci ƙarfen, ka kuma ɗan motsa wayar wuta a raminta ka ga ko fiyanon zai mutu. Sabo ne ko na hannu, ka tambaya ko cajarsa tana cikin ciniki, domin ba kullum ake haɗawa da ita ba, kuma wadda ƙarfin wutarta bai dace ba tana iya ƙona shi. Daga cikin kuɗin da ka tara, ka ware wani abu tun yanzu na feda da ƙafar ɗorawa.