Maganar farantin gwajin harbi da ka tambaye ni

Ɗana na ga saƙonka, wai wani ya zo shago bana nan yana so a yanka mai farantin ƙarfe a yi mai walda da ƙafa saboda masu gadinsu su riƙa koyon saiti, kana tambaya ko ka ɗauki ragowar filet ɗin nan da muka yi get da shi. Kar ka taɓa, ajiye shi tukun.

Kai a ganinka matsalar ita ce kar harsashi ya huda ya wuce, shi yasa kake ta maganar kauri. Toh abin da yafi bani tsoro dawowarsa ne. Ƙarfen da muke aiki da shi kullum mai laushi ne, harsashi in ya dake shi sai ya bar rami kamar bakin ludayi, na biyu in ya faɗa cikin ramin nan ɓarɓashinsa juyowa yake ya nufo wanda ya harba. Ka taɓa tara cokali a ƙarƙashin famfo? yadda ruwan ke tsalle ya feso maka a fuska, haka dalma ke yi, sai dai ita tana cire ido.

Na ainihin aikin ana ce masa AR500, ko Hardox 500 ɗan uwan wanda ake sa wa bodin tifa da bokitin katafila. Taurinsa ya kai wajen ninki 4 na namu, harsashi na dukansa yake tarwatsewa ya bazu gefe-gefe, fuskar farantin tana nan sumul. Kaurinsa kamar milimita 10. Kuma in ka zaga Panteka wani ya ce maka ga sifirin mota ko tukunyar gas ai suma suna da tauri, kar ka saurare shi, duk abin da yake da lanƙwasa ba ka san inda zai tura harsashi ba.

Sannan ga inda mu masu walda muke ɓata abu da hannunmu, wallahi wannan yana damuna. Taurin nan da zafi da sanyayawa aka samar da shi, kana ɗora masa wutar walda ko ka yanka da gas wurin da ya ɗau zafi ya yi laushi kenan, ido ba zai nuna maka ba, sai an fara harbi ramuka su fito daidai inda ka yi waldar. Shi yasa ba a walda shi, rataye shi ake da sarƙa ko bel, da kusa mai zagayayyen kai noti yana baya, ya ɗan sunkuya ƙasa kamar digiri 20 yana lilo, ɓarɓashin ya zube a ƙasa. Ƙasan ma yashi ake so, banda siminti ko tsakuwa.

Tazara kuma ƙaramar bindiga aƙalla mita 10, babba mita 100, kowa da tabarau har ɗan kallo. Harsashin AK da yawansa akwai ƙarfe a ciki, ka kara masa maganaɗisu zaka ga ya kama, irin wannan yana cin faranti yana kuma fidda tartsatsi, yanzu da hunturu ciyawa ta bushe gobara ce kawai. Kaga ko sojoji a Jaji da Kachia fili suka ware na musamman nesa da gidajen mutane.

Ni dai ban ma san wane ne mutumin ba, kuma ka san halin da ake ciki a jihar nan. Ka ce masa ya dawo gobe bayan azahar ina shago, ya zo da takardar lasisinsu ya kuma faɗa min inda za a kafa abin. In ya ba ka kuɗin kafin alƙalami ka mayar masa yau.