Ciyawar Ado a Harabar Gida: Me Zan Dasa da Zai Jure Rani?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Shekara uku ke nan ina dasa ciyawar kafet a harabar gidana, amma da zarar hunturu ya shigo sai ta ƙone, duk da kuɗin da nake kashewa wajen 'yan garuwa. Na ga hotunan lambunan ƙasashen waje cike da dogayen ciyayi da furannin da ke shekara da shekaru ba a sake dasa su ba. Shin hakan zai yiwu a wajenmu? Daga wata mai karatu a Hotoro, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Zai yiwu, kuma irin da kike buƙata yana nan a bayan gari.

Salon da kika gani ya yi fice ne a hannun wani ɗan ƙasar Holan mai suna Piet Oudolf, wanda ya tsara shuke-shuken lambun High Line na birnin New York, wani tsohon layin dogo na sama da aka mayar wurin shaƙatawa, aka buɗe kashinsa na farko a 2009. Abin da ya sa aikinsa ya bambanta shi ne yana zaɓar tsiron da ke da kyan gani ko bayan ya bushe, don haka ba ya sare ciyawa idan sanyi ya shigo. Wannan tunanin nake so ki ɗauka, ba tsirransa ba, domin yawancinsu ba za su iya da zafin watan Afrilu a Kano ba.

Ki fara da gamba, wadda ake saƙa zana da ita. Tana fitowa dunƙule-dunƙule, tsayinta kan wuce mita biyu, kuma saiwarta ba ta mutuwa da rani, ruwan farko na sauka za ta sake tohowa. A ƙarshen damina takan fid da kai mai laushi, sannan ta rikiɗe zuwa ruwan zinariya, kuma a ganina babu furen kanti da ya kai ta kyau idan hasken la'asar ya ratsa ta iska na kaɗa ta. Ki jera ta daga baya, kusa da katanga, da tazarar kamar mita ɗaya tsakanin gindi da gindi. Inda ruwan indararo ke zaizaye ƙasa kuwa, jema ta fi dacewa, saboda saiwarta na nitsewa ƙasa sosai tana riƙe ta. A gaba sai ki sa ciyawar shayi mai ƙamshin lemun tsami, wadda ke son ban ruwa jefi-jefi.

Tsakanin ciyayin ki dasa kariya, mai kaurin gindi da jan fure, wadda ke yin fure da rani lokacin da komai ya bushe. Sai dai ruwan jikinta guba ne, saboda haka a nisanta ta daga inda yara da awaki ke kaiwa. Kyasuwa tana da kyan kai, amma ban ba ki shawarar ta ba, domin shekara guda take yi, kuma irinta kan watsu ya mamaye ko'ina.

Abu biyu ne ke hana mutane wannan shuka, wato maciji da gobara, kuma tsoron yana da dalili. Ki bar fili shararre tsakanin ciyawar da ɗakuna, kada ta kusanci madafa ko janareta, kuma a riƙa share ƙarƙashinta. Wajen watan Fabrairu, idan ta gama ba ki kwalliyar hunturu, a yanke ta a bar kamar taƙi ɗaya daga ƙasa. Dashe kuwa ki jira sai damina ta kankama, wajen ƙarshen Yuni, ki tsaga gindin tsohuwar gamba gida uku ko huɗu, ki zuba takin gargajiya a ramin, ki bar ruwan sama ya yi miki aikin da 'yan garuwa ke yi.