Jarina na zaune: in juya Wagadugu ko in jira jirgin Kano?

Wani ɗan kasuwa daga unguwar Sabon Gari a nan Maraɗi ya aiko da wannan tambaya:

"Malam, ina yi maka fatan alheri. Fatauci na gada wajen mahaifina. Shinkafa da man girki da atamfa muke saukowa da su daga Kwatano, ƴan fito su tsallaka da su Jibiya. Tun rufe iyakar 2019 abin bai koma daidai ba, yanzu kuma ƙasarmu ta bar ƙungiyar Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta shiga ƙawancen ƙasashen Sahel, AES. Ina da kamar miliyan 20 na sefa a hannu, da mangaza ɗaya wadda ba kaya a ciki. Wasu abokaina sun ce in nemi hanyar Wagadugu da Bamako tunda can gwamnati ta dosa. Wasu sun ce in sayi fili in jira jirgin ƙasa na Kano. Kullum ina jin ana cewa haɗin kan ƙasashe na kawo arziki, ni dai ban gani a aljihuna ba. Me zan yi?"

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, ya jiƙan magabata. Zan fara da abin da ba shi da daɗin ji: sana'ar da ka gada ba za ta dawo yadda ka san ta ba, ko da gobe Nijar ta koma CEDEAO.

Duba inda ribarta take fitowa. Shinkafar ba a Maraɗi aka noma ta ba, kuma ba Maraɗi za ta ci ba. Abin da ya biyo da ita ta nan shi ne Najeriya ta ɗora mata haraji mai nauyi a tasoshin ruwanta, mu kuma namu sassauƙa ne. Tazarar da ke tsakanin dokokin ƙasashen biyu ita kuke ci. Haka man fetur yake: tallafin gwamnatin Najeriya ne ya sa ake samun sa da araha a bakin titinmu, da aka cire shi ranar 29 ga Mayun 2023 ka ga yadda masu jarka suka watse, har aka kai ga dogayen layuka a gidajen mai a Maris na 2025. Riba irin wannan maƙiyanta biyu ne. Idan ƙasashe suka ɓata aka rufe iyaka, ta mutu. Idan suka shirya da gaske suka daidaita haraji, nan ma ta mutu, don tazarar ta toshe. Shi ya sa ba ka ga amfanin haɗin kai a aljihunka ba.

Kuma tarihin garin nan ya sha nuna haka. Daga 1984 zuwa 1986 Najeriya ta rufe iyakokinta, abin ya haɗu da fari, har dattawa ke kiran yunwar shekarar da sunan El Buhari. A 2016 ta hana shigar da shinkafa ta iyakokin ƙasa, a farkon 2017 ta ƙara da motoci. Rufewar Agustan 2019 ta kai Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka sake garƙame Ɗan Isa da Jibiya, sai Maris na 2024 aka buɗe. Duk wanda jarinsa ke cikin tirela a waɗannan ranaku, shawarar da aka yanke a Abuja ko Yamai ce ta raba shi da shi, ba rashin iya kasuwa ba.

To wa haɗin kan ƙasashe ke azurtawa? Ƙasar Biyetnam ta isa misali, don ita ma daga tsarin da gwamnati ke riƙe da komai ta fito. A 1986 ta fara gyaran tattalin arziki, a 1988 ta bar kowane gida ya noma gonarsa ya sayar da abin da ya samu. Ƙasar da ke fama da ƙarancin abinci, a 1989 ta fitar da shinkafa fiye da tan miliyan ɗaya. Sai a 1995 ta shiga ƙungiyar ƙasashen yankinta ta ASEAN, a 2007 ta shiga ƙungiyar cinikayya ta duniya. Lura da jerin: kayan sayarwa suka fara samuwa, sannan aka buɗe ƙofa. Da ƙofar ta buɗe, manomi da mai masana'anta da mai tara amfanin gona ne suka ci moriya. Wannan shi ne kaɗai darasin da nake so ka ɗauka daga can. Ka koma cikin masu kayan kansu.

Kafin mu zo ga kayan, bari mu daidaita lissafin inda ƙasarmu take, don ana yawan cakuɗa shi a majalisa. Nijar da Mali da Burkina sun kafa AES a Satumban 2023, suka mai da ita tarayya a taron Yamai na 6 ga Yulin 2024, ficewarsu daga CEDEAO ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. A ranar CEDEAO ta ce za a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidarmu, a kuma ci gaba da ɗaukar kayanmu bisa tsarin sassaucin harajinta, har sai ta sanar da wani abu daban. Wannan alfarma ce, ana iya janye ta. A Maris na 2025 AES ta sa harajinta na rabin kashi ɗaya cikin ɗari a kan kayan da ke shigowa daga waje, daidai da abin da ake karɓar wa CEDEAO a da. Amma ba mu fita daga UEMOA ba, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa. Kuɗinmu ɗaya da ƙasashe bakwai, cikinsu har da Benin da Togo da Kodebuwa da Senegal, sefa na ɗaure da yuro a kan 655.957, kuma amfanin gona da dabbobi na yawo tsakaninmu ba harajin shiga. Muna kuma cikin yarjejeniyar kasuwar Afirka ta bai ɗaya, wadda a Yamai aka ƙaddamar da matakin aikinta ranar 7 ga Yulin 2019, kuma Najeriya na ciki. Ita ma sharaɗinta shi ne kaya su zama na ƙasar da ta fitar da su. Shinkafar Indiya da aka sauke a mangazarka ba ta zama ta Nijar.

Yanzu batun Wagadugu. Ba na ce kada ka leƙa ba, amma kada ka kai jarinka can. Daga nan zuwa Yamai kaɗai ya haura kilomita 600, kafin ka kama hanyar Tera da Dori inda motoci ke jiran rakiyar sojoji. Kano kuwa ba ta kai kilomita 300 ba. Mutanen ƙasashen AES uku sun kai kimanin miliyan 70, na Najeriya sun haura miliyan 200. Abin da ya fi wannan nauyi: abin da muke da shi, su ma shi suke da shi. Gero, dawa, wake, riɗi, dabbobi. Ciniki na ƙarfi ne tsakanin waɗanda kayansu suka bambanta, kuma bambancinmu da kudu yake. Gwamnati na iya sauya ƙawaye, amma Maraɗi ba za ta tashi daga inda Allah ya ajiye ta ba, ƙofar Katsina. Idan kana son gwada hanyar yamma, ka haɗa kaya da wanda ya saba bin ta, da kuɗin da ba zai karya ka ba in ya maƙale wata biyu a hanya.

Jirgin ƙasa kuwa gaskiya ne, ba labari ba. An aza harsashinsa a Fabrairun 2021, kilomita 284 daga Kano ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, kamfanin Mota-Engil ke aikin, kuɗinsa ya kusa dalar Amurka biliyan 2. An sha ɗaga ranar kammala shi. Fili ba ya ruɓewa, na sani, amma ba ya ciyar da gida, kuma kai ɗan kasuwa ne mai iyali da yaran shago. Sannan jirgi hanya biyu yake bi. Zai kawo siminti da taki da robobin Kano da araha, ya matse masu sayar da irinsu a nan. Wanda zai yi murna da shi shi ne mai tan ɗari na kaya a ɗaure yana neman rahusar dako. Ka shirya zama wannan mutumin, jirgin ya same ka da kaya.

Kayan kuwa suna bayan gari. Jihar Maraɗi ce kan gaba a noman aya a ƙasar nan, musamman wajejen Agiye da Gazawa da Madarumfa. Najeriya na sha a kunun aya, kuma ayar Nijar na kai wa har Sifaniya, inda mutanen Balensiya ke yin wani abin sha da ita. Ga riɗi, wanda Sin da Japan da Turkiyya ke saye daga Afirka ta Yamma, da yawansa ta kasuwar Dawanau ta Kano yake bi. Ga fatar jar akuyar Maraɗi da masu jima suka sani tun zamanin Turawa. Da gangan ban sa gero da wake a gaba ba. A Oktoban 2024 gwamnati ta hana fitar da shinkafa da gero da dawa da masara da wake, in ban da zuwa Mali da Burkina, a Mayun 2025 kuma ta dakatar da fitar da dabbobi gabanin babbar salla. Abincin yau da kullum duk lokacin da ya yi tsada hukuma za ta sa hannu, kuma ba za ka ga laifinta ƙwarai ba. Aya da riɗi kayan kuɗi ne, dalilin tare su kaɗan ne. Duk da haka, kafin ka zuba kuɗi a kowane irin kaya, ka taka zuwa ofishin duwan ka ji dokar da ke aiki a ranar, daga bakinsu, ba daga bakin dillali ba.

Sai dai saye da kaka a ɓoye zuwa bazara kowa na yi, ribarsa ba ta da yawa kuma wata shekarar farashi ba ya tashi. Inda nake ganin kuɗinka shi ne tsakanin buhun ƙauye da buhun da babban mai saye ke so. Ayar da ake aunowa da tiya tana zuwa da ƙasa da tsakuwa da ƙanana haɗe da manya. Mai fitarwa waje ba ya son wannan, kuma a kan damshi kaɗai yana iya mayar da kaya gaba ɗaya, don damshi ke haifar da fumfuna mai guba. Ka mai da mangazarka wurin tankaɗe da tsincewa da shanya. Ka sayi sikeli na gaskiya da na'urar gwada damshi, ka shimfiɗa katako kada buhu ya taɓa ƙasa, ka ware manya daban. Kowane buhu nauyinsa ɗaya, da sunanka a jiki. Matan unguwa za su samu aikin tsincewa, kai kuma ka samu abin da ba dokar wata ƙasa ce ta ba ka shi ba. Idan aka rufe Jibiya, kaya masu tsabta busassu suna jira, ko su bi ta Lome. Manoman da za ka riƙa saye a wajensu, ka nemi ƙungiyoyinsu tun kafin shuka, ku yi magana a gaban shaidu, kuma ka biya su abin da ya fi na kasuwa ko da kaɗan ne idan suka kawo mai kyau. Amanar nan ita ce za ta hana wani ya zo da kuɗi ya ƙwace maka su.

Wannan aiki yana son takardu, kuma na san ƴan kasuwarmu da yawa na gudun su saboda haraji. Ka daure. Ka yi rajistar kasuwanci ta RCCM, ka karɓi lambar haraji ta NIF, ka san ƙofar zauren ƴan kasuwa na jiha. Ba tare da su ba, ba ka samun takardar shaidar asalin kaya, kuma duk sassaucin UEMOA da na kasuwar Afirka a kan wannan takarda yake tafiya. Banki ma ba zai saurare ka ba. Idan kuɗin ruwa ne damuwarka, akwai bankin Musulunci a ƙasar nan da ke sayen kaya ya sayar maka da riba sananniya, ka je ka ji sharuɗɗansa.

Abin da ya fi ba ni tsoro a kanka shi ne naira. A Yunin 2023 Najeriya ta saki kuɗinta, dalar da ake canzawa kimanin naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a cikin 2024. A ce ka kai kayan jikka 1,000, wato sefa miliyan ɗaya, Dawanau ranar da jikka ɗaya take naira 2,500, ka sayar naira miliyan 2 da dubu 750. A takarda ka ci ribar kashi 10. Mai saye ya ce ka dawo bayan wata ɗaya. Ka dawo ka tarar jikka ta koma naira 2,800. Kuɗinka ya zama jikka 982, ba a ma cire dako da kamasho ba. Don haka ka yanke farashi da sefa ko da a Kano kake. Idan dole sai naira, a biya ka a ranar, ka canza a ranar, ko ka juya ta kaya nan take ka dawo da abin da Maraɗi ke nema. Bashin naira kada ka ba kowa, ko abokin cinikin mahaifinka ne. Ka faɗa masa dalili da ladabi, shi ma ɗan kasuwa ne.

Game da rabon kuɗin, shekarar farko ta koyo ce. Kada abin da za ka zuba a kaya da gyaran mangaza ya wuce rabi. Kashi ɗaya cikin uku ya zauna da sefa inda hannunka zai kai gare shi cikin kwana ɗaya, don ranar da aka rufe hanya mai kuɗi a hannu ne ke sayen kayan waɗanda suka matsu. Ragowar ka ci gaba da juya ta a shinkafa da mai, amma don cikin gari da ƙauyukan Dakoro da Mayahi da Tasawa, ba don tsallakawa ba. Ka kuma ware zakkarka tun farko kada ta shige cikin lissafin jari.

Kafin kaka, ka je Dawanau da kanka ba tare da kaya ba. Ka zauna da manyan masu sayen aya da riɗi biyu ko uku, ka tambaye su girman da suke so, damshin da suke karɓa, nauyin buhu, da yadda suke biya. Ka karɓo samfurin abin da suke kira mai kyau ka zo da shi gida ka nuna wa manomanka. Idan ka dawo, ka aiko mini da farashin da suka faɗa da kuɗin dako daga Gazawa zuwa Kano, mu zauna mu fitar da adadin buhunan da ya kamata ka fara da su.