Amsa ga 'yar uwar da aka tsare mahaifinta kan bashin ƙaninta

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Da na karanta cewa ƙaninki ya karɓi kaya bashi ya ɓuya, aka zo aka tafi da Baba a madadinsa, wallahi sai da gabana ya faɗi. Kin tambaya ko bashi laifi ne. Ba laifi ba ne, kuma ko da laifi ne, ba Baba ya aikata ba. Dokar ACJA ta 2015, wato dokar tafiyar da shari'ar laifuffuka da ake aiki da ita nan Abuja, sashe na 7, ta hana kama wani a madadin wani. Sashe na 8 kuma ya hana kama mutum kan bashi ko saɓa yarjejeniya kawai.

Ni ma ya taɓa faruwa da ni: shinkafa na karɓa bashi wurin wani Alhaji, na ba ɗan kwangila, kuɗi suka maƙale. Mutumin da muke sahu ɗaya a masallaci, wanda ya ci tuwon sunan 'yata! Bai tashi zuwa da 'yan sanda ba sai yammacin Juma'a, don ya san babu kotu sai Litinin. A gaban yarana aka sa ni a mota. Aka karɓe takalmi da agogo, aka tura ni bayan kanta, shi kuwa yana zaune kan benci yana latsa waya yana cin goro. Ko kallona bai yi ba. Har yau idan na ji an ce "Allah ya ƙara wa Alhaji imani" sai raina ya ɓaci.

Abin da suke yi, sai su sa wa bashi rigar laifi. A takarda za ki ga an rubuta cin amana ko zamba. A dokar Final Kod (Penal Code, kundin laifuffuka da hukuncinsu), cin amana, sashe na 311, shi ne a damƙa maka dukiya amana ka karkatar da ita da mugun nufi. Zamba kuwa, sashe na 320, sai an nuna tun farko yaudara ka shirya. Niyya ce ginshiƙin abin. Wanda kasuwa ta karye masa, ƙarar biyan kuɗi ake kai shi. Kuma mai gabatar da ƙara ne zai kawo hujja; sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda ake tuhuma ba shi da laifi sai kotu ta tabbatar.

Don Allah kada Baba ya sa hannu a takardar alkawarin biya, nan suke ɗaure mutum. Yana shan magani? Ku kai masa yau, dattijo ba ya jure kwanan siminti. Beli kyauta ne a doka, ko da za a yi miki dariya ki faɗa. Kuma kada a ce miki mace ba ta tsaya wa mutum, dokar 2015 ta yarda. Tsarewa ba tare da kai mutum kotu ba bai kamata ta wuce awa 24 ba inda kotu ke kusa, Abuja kuwa ina ne babu kotun majistare?

In babu kuɗin lauya, ku je Hukumar Ba da Tallafin Shari'a. Shi kuma ƙaninki ku nemo shi ta wurin abokansa, ya fito tare da lauya, ya riƙo rasit da duk saƙonnin WhatsApp da suka yi da mai kayan, musamman inda ya biya wani abu daga ciki.