Tambaya da Amsa: Mako Guda a Faransa, Ta Ina Za Mu Fara?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Biza ta fito, ni da maiɗakina za mu yi kwana bakwai a Faransa cikin watan Yuni. Muna son ganin birnin Faris da kuma bakin teku. Yaya za mu raba kwanakin?
Mai karatu daga Ƙofar Ƙaura, Katsina

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ku ba Faris kwana huɗu, birnin Marseille da ke bakin teku uku. Kada ku ƙara gari na uku, hanya ce za ta cinye muku kwanakin.

A Faris, inda baƙi suka fi tuntuɓe shi ne ranakun hutu. Gidan tarihi na Louvre ba ya buɗewa ran Talata, fadar Versailles kuma ran Litinin. Hasumiyar Eiffel, wadda aka gama a 1889, ku yanki tikitinta ta intanet tun kuna gida, in ba haka ba rabin wuni zai tafi a layi. Matakala 674 ce zuwa hawa na biyu, wanda ya hau hasumiyar Gobarau ta Katsina kada ya ɗauka tafiyar ɗaya ce; in Hajiya na fama da gwiwa, ku ɗauki tikitin na'urar hawa. Juma'a ku yi ta a Babban Masallacin Faris, wanda aka buɗe a 1926. A jirgin ƙarƙashin ƙasa, jaka ta dawo gaba, masu yankan aljihu cunkoson bakin ƙofa suke jira.

Daga tashar Gare de Lyon da ke Faris jirgin ƙasa mai gudu da ake kira TGV zai kai ku Marseille cikin awa uku da 'yan mintoci, kuɗinsa kuwa ƙaruwa yake yi in rana ta matso. Ku kama masauki kusa da tsohuwar tashar ruwa, Vieux-Port. Nan ake shiga jirgin ruwa zuwa tsibirin If, amma ku sa wannan a ranar farko, domin iskar da suke kira mistral kan sa a soke tashi, sai ku samu damar sakewa washegari. Naman halal kuwa yana nan birjik a kasuwar Noailles.

Hajiya ta sa hijabinta a titi babu mai hana ta, amma doka ta haramta niƙabi a bainar jama'a tun 2011, akwai tara. A takardar abinci ku guji porc, jambon da lardons, duk alade ne. Magariba a Faris cikin Yuni sai wajen ƙarfe goma na dare, ku tsara fitarku da wannan.