Tambaya da Amsa: Ya halatta mu tara wa marayu kuɗi da ƙuri'ar tafiya a jirgin ruwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ce ma'ajiyar kuɗi ta wata ƙungiyar mata a Daura da ke ɗaukar nauyin karatun marayu. Abin da muke haɗawa duk wata ya daina isa, sai wata 'yar'uwarmu da ke zaune a Ingila ta ba da shawarar mu buga tikiti, mu sayar da kowane a kan naira 5,000, ranar taro a jefa ƙuri'a, wanda lambarsa ta fito ya samu kyautar tafiyar mako guda ta mutum biyu a babban jirgin ruwa na yawon shaƙatawa, ragowar kuɗin kuma ya shiga asusun marayu. Ta ce haka ƙungiyoyin agaji suke yi a can. Wasu daga cikinmu sun yi na'am, wasu sun ce caca ce. Ina gaskiyar take?
Daga wata mai karatu, Daura.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya saka muku da alheri bisa wannan hidima. Waɗanda suka ce caca ce sun yi daidai, kuma shawarata ita ce kada ku buga tikitin nan.

Ita ƙuri'a a karan kanta ba ta da laifi, domin ya tabbata daga Nana A'isha cewa idan Manzon Allah (SAW) zai yi tafiya yakan jefa ƙuri'a tsakanin matansa, wadda ta faɗo a kanta ya tafi da ita. Inda matsalar take shi ne kuɗin da ake biya kafin a shiga. Mutum ya ba da naira 5,000 yana fatan ya samu abin da ya kai miliyoyi, ko dai ya samu ko kuɗinsa ya tafi, kuma babu abin da zai raba gardama sai sa'a. Wannan ita ce siffar cacar da aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haramta. Kasancewar ragowar kuɗin zai tafi ga marayu bai canza hukuncin ba. Cacar Larabawa kafin Musulunci ma da kibau ake yinta a kan raƙumin da aka yanka, masu ci sukan rabar da naman ga matalauta har su yi alfahari da hakan, amma duk da haka aya ta 219 a Suratul Baƙara ta ce zunubinta ya fi amfaninta girma. A nan zan yi wa masu dabara hannunka mai sanda: ko da an mayar da kyautar ta zama kujerar Umra, ko an sauya wa tikitin suna an kira shi rasit na gudummawa, muddin wanda bai biya ba ba zai shiga ƙuri'ar ba, ba a rabu da Bukar ba.

'Yar'uwarku ba ta yi ƙarya ba, ana yin haka a Ingila, sai dai ko a can a ƙarƙashin dokar caca ta 2005 ake yi, wadda ta wajabta cewa aƙalla kashi 20 cikin ɗari na kuɗin tikitin irin waɗannan ƙungiyoyi ya tafi ga aikin alherin da aka ambata. Ke nan su ma sun san sunan abin. A nan gida kuwa, a watan Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa dokar tarayya ta 2005 kan wasannin ƙuri'a ba ta da hurumi a jihohi, sai a Abuja kaɗai, saboda haka dokar jiha ce ke aiki a kanku, kuma Jihar Katsina tana cikin jihohin da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci tun shekarar 2000. Ba na so ƙungiyar da ta gina sunanta a kan taimakon marayu ta wayi gari tana amsa tambayoyi a ofishin Hisba.

Ko da a ce babu batun addini da doka, lissafin ba zai yi muku daɗi ba. Irin waɗannan jirage daga tasoshi kamar Mayami, Basalona da Dubai suke tashi, sai kuma Jidda da ta shiga sahu tun 2021, kuma da dala ko yuro ake biya, alhali kowa ya san yadda naira ta faɗi tun tsakiyar 2023. Kuɗin ɗaki a jirgin yawanci bai haɗa da tikitin jirgin sama daga Kano ko Abuja zuwa tashar ba, bai haɗa da fasfo da biza ba, ga kuma ɗan hasafin ma'aikata da kamfanoni da yawa suke lissafawa kowace rana a kan kowane fasinja. A ce duka hidimar ta tashi a kan naira miliyan 10. Sai kun sayar da tikiti 2,000 kafin ko naira ɗaya ta shiga asusun marayu, idan kuma tikitin ya yi kwantai, alƙawarin kyautar yana wuyanku. Sannan me za ku yi idan ofishin jakadanci ya hana wanda ya ci biza, ko kuma ƙuri'ar ta faɗo a kan dattijuwar da ba ta da sha'awar kwana bakwai a kan teku, a cikin jirgin da galibi akwai mashaya da ɗakin caca?

Idan har akwai attajiri ko kamfanin shirya tafiye-tafiye da zai ba ku wannan tafiya kyauta, to ku karɓa, ku yi gwanjonta a bainar jama'a ranar taron gidauniya. Jumhurun malamai sun halatta cinikin gwanjo, domin wanda ya fi tayi shi kaɗai zai biya, ya kuma san abin da ya saya, sauran masu tayi ba su yi asarar ko kwabo ba. Ku rubuta sharuɗɗan a fili kafin a fara tayi: wa zai biya kuɗin jirgin sama, a wane wata za a yi tafiyar, kuma ina makomar kuɗin idan biza ta ƙi samuwa. A ganina ma, a gari kamar Daura, ingarman doki, ko rago gab da Babbar Salla, ko keken ɗinki da wani ya bayar sadaka zai fi tafiyar teku jan masu tayi. Idan kuma kuna son armashin ƙuri'a a wajen taron, ku yi ta kyauta ga duk wanda ya halarta, ya ba da gudummawa ko bai bayar ba, kyautar kuma ta fito daga aljihun wani, ba daga kuɗin marayu ba.

Abin da yake sa mutanenmu su buɗe bakin aljihu shi ne su ga inda kuɗinsu ya tafi. Ku yi wa ƙungiyar rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, idan ba ku yi ba, ku buɗe asusun banki da sunanta wanda sai mutum biyu sun sa hannu kafin a cire kuɗi, ku fitar da lissafin abin da kowane yaro yake buƙata a zango guda, sannan ku nemi mutane su ɗauki yaro ɗaya-ɗaya. Ku kai wa hakimi da limamin Juma'a wannan lissafi tun kafin azumi, lokacin da masu hali da yawa suke fitar da zakka, tare da tuna cewa maraya yana cin zakka ne idan mabuƙaci ne, ba don maraicin kawai ba. Ita kuma 'yar'uwar taku ta Ingila, ku roƙe ta ta haɗa kan 'yan Daura mazauna can su riƙa turo wani abu duk wata, domin fam ɗaya a yau ya haura naira dubu.